KUNNE YA GIRMI KAKA: Me Mai Rediyon Ɗaki Zai Tsinta a Mujallun Hai-Fai?

A wannan watan zan ɗan ajiye maganar jarumai da daraktoci a gefe, in amsa wata wasiƙa da wani ƙanenmu ya aiko daga Zariya, domin tambayar da ya yi ta taɓa ni ƙwarai.

Yaron nan ya ce ya yi wata bakwai yana tara kuɗi, burinsa ya sayi kayan sauti na ɗaki don ya riƙa kallon fim da jin waƙa yadda ransa yake so. Ana cikin haka sai ya ci karo da wata mujallar Turawa ta kayan sauti, ya ga lasifika guda biyu tal da kuɗinsu ya isa a sayi gida. Shi ne jikinsa ya yi sanyi, yake tambaya: "Yaya, wai irin waɗannan mujallu suna da wani amfani ga irinmu, ko kuwa harkar masu kuɗi ce, mu namu ido?"

Ƙanena, suna da amfani, amma fa ba a wurin da kake dubawa ba. Kai kana kallon farashi, alhali dukiyar tana cikin rubutun da ke gefen hoton. Bari in fara da ba ka labarin yadda ni kaina aka yi mani sakiyar da ba ruwa.

RANAR DA NA SAYI WAT DUBU TAKWAS

Lokacin da nake kamar shekarunka, zamanin kaset da sidi, na shiga kasuwa da kuɗin da na daɗe ina tarawa. Na ga wata rediyo mai lasifika biyu manya, ga fitilu ja da kore suna ta walƙiya, an manna mata wata takarda mai ƙyalli an rubuta 8,000W PMPO. Mai shago ya ƙure murya, gilashin shagon har rawa yake. Ban tsaya wata-wata ba na biya, na ɗora a kan acaɓa, ina jin kaina kamar wani mai gidan silima.

Da na kai gida na sa fim, sai labari ya sha bamban. Idan kiɗa ya taso sai ɗaki ya ɗauki gum-gum-gum, amma da zarar jarumi ya fara magana sai ka rantse daga cikin tulu yake yi. In ƙara murya, kiɗa ya kashe ni; in rage, magana ta ɓace.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi aikin injiniya a gidan rediyo har ya yi ritaya. Ƙarar ce ta fito da shi. Ya shigo, ya juya rediyon, ya nuna mani wani ɗan rubutu a bayanta kusa da wayar wuta, ya ce in karanta. Na karanta: wat 60. Ya ce, "To ɗana, abin da take sha daga bango kenan. Yaya za a yi tukunyar da aka zuba wa mudu ɗaya ta dafa maka buhu?" Wallahi sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari Baba ya kira ni ɗakinsa, ya jawo wani kwali cike da tsofaffin mujallun Turanci, wasu har sun yi ja don tsufa, ya ce in je in karanta a hankali, abin da ban gane ba in zo in tambaya. A cikin kwalin nan na fara sanin cewa ashe ji ma ilimi ne.

WAI MENE NE HAI-FAI?

Kalmar Turanci ce aka gajarta. Abin da take nufi shi ne sauti ya fito da gaskiyarsa, yadda aka ɗauke shi, ba ƙari ba ragi. Ƙara daban, hai-fai daban. Masu wannan sha'awar suna nan ko'ina a duniya, kuma kamar yadda mu masoya fim muke da mujallunmu, su ma suna da nasu tun da daɗewa.

A Ingila akwai Gramophone da aka fara a 1923, wadda ta fi ba da ƙarfi ga sharhin faya-fayen kiɗa. Sunan ba baƙo ba ne a kunnenka, daga nan kalmarmu ta garmaho ta samo asali. Akwai Hi-Fi News da ta fara a 1956, sai What Hi-Fi? a 1976, wadda take raba wa kaya taurari daga ɗaya zuwa biyar, kuma ita ta fi kusa da mai ƙaramin aljihu. A Japan akwai Stereo Sound tun 1966. Amma guda biyu na Amurka su ne suka fi yin suna a harkar kaya masu tsada, kuma labarinsu ne ya fi daɗin ji.

Ta farko ita ce Stereophile, wadda J. Gordon Holt ya kafa a 1962. Shi da can ma'aikaci ne a wata mujallar mai suna High Fidelity, amma abin ya ishe shi ganin yadda ake tsoron faɗin aibin kaya don kada masu talla su yi fushi. Sai ya fita ya buɗe tasa, kuma a farkonta ba ya karɓar talla. Tsarinsa shi ne ya kai na'ura gida, ya zauna da ita kwana da kwanaki yana saurare, sannan ya rubuta abin da kunnensa ya ji. Har littafi ya wallafa a 1990 na kalmomin da ake siffanta sauti da su.

Ta biyu ita ce The Absolute Sound, ta Harry Pearson, 1973. Sunanta ma darasi ne. A wurin Pearson, ma'aunin kowace na'ura shi ne sautin kayan kiɗa na gaske, ana kaɗa su a gabanka, ba tare da lasifika ba. In ka taɓa tsayawa kusa da makaɗan kalangu a gidan biki, ko ka ji algaita da tambari a hawan Sallah, to ka san abin da mutumin yake nufi. Wannan sautin shi ne na asali. Duk na'urar da ta kusanto shi ta yi; wadda ta yi nesa da shi, ko da zinare aka yi ta, ta faɗi.

'YAN KUNNE DA 'YAN AWO

Da ka fara karanta mujallun nan za ka lura da wata rigima da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Ɓangare ɗaya suna cewa kunne ne alƙali. Ɗaya ɓangaren suna cewa kunne yana da son zuciya, in ka ga abu mai tsada da ƙyalli to ranka zai gaya maka ya fi daɗi, don haka a jona na'urar a injin awo a ga lambobi. Julian Hirsch na mujallar Stereo Review shi ne gogan 'yan awo na shekaru masu yawa.

Stereophile ta zo ta haɗa biyun. John Atkinson, wanda ya baro Hi-Fi News ya zama editanta a 1986 har zuwa 2019, ya sa al'adar cewa bayan mai sharhi ya gama zuba bayanin abin da ya ji, sai a buga sakamakon awo a gefe. Wani lokaci su dace, wani lokaci kuma mai sharhi ya yaba, awo ya tona asiri. Ni a wurina wannan shi ne shafi mafi daraja a mujallar, domin yana koya maka kada ka yarda da bakin mutum ɗaya.

ABIN DA NA TSINTA A KWALIN BABA

Ga kaɗan daga abin da na koya, kuma ko sisi ban kashe ba wajen aiki da su.

Na farko, maganar wat. Wannan PMPO da ake mannawa a jikin rediyo lambar talla ce, babu wata ƙa'ida ɗaya da ake auna ta da ita. Lambar da za ka nema ita ce wadda aka rubuta RMS, wato ƙarfin da na'ura take iya bayarwa a kai a kai. Sannan ko shi wat ɗin na gaskiya ba yadda muke zato yake aiki ba. In ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai ka ƙara, wato ɗan ƙari kaɗan. Kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. Amfilifaya mai wat 30 na gaskiya ta ishi ɗakin saurayi har ta yi yawa.

Na biyu, ɗaki shi ma kayan sauti ne. Mu mun saba mu cusa lasifika a lungu, ɗaya a kan durowa ɗaya a ƙasa bayan kujera. Lungu yana kumbura bes har ya danne magana. Jawo su daga bango kaɗan, ka daidaita tsayinsu da kunnenka in kana zaune, tazarar da ke tsakaninsu ta zama daidai da tazarar da ke tsakaninka da kowace ɗaya, kamar duwatsun murhu. Ranar da na gwada haka, sai na ji muryar mawaƙiya ta tsaya cak a tsakiya, wurin da babu lasifika. Tsigar jikina ta tashi. In ɗakinka siminti ne tsura yana amsa-kuwwa, shimfiɗa darduma, rataya labule mai kauri, za ka sha mamaki.

Na uku, wayar lasifika. Ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi, a duka biyun. In ka juya ɗaya, lasifikan za su riƙa ja-in-ja da juna, bes ya zube, murya ta rasa mazauni. Na sha shiga ɗakin abokai in tarar da wannan matsalar, su kuwa suna ta zagin kamfani.

Na huɗu, abin da ka zuba shi za ka kwasa. Sidi, wanda Sony da Philips suka fito da shi a 1982, yana ɗauke da bayanin sauti kilobit 1,411 a kowane daƙiƙa. Waƙar MP3 da aka matse zuwa 128 ta zubar da kusan kashi goma cikin sha ɗaya na wannan bayanin. An yi dabara wajen zubarwar ta yadda ba kowa zai lura ba, amma in aka ciro waƙa daga bidiyon da aka riga aka matse, aka sake juya ta, aka sake matsewa, to ta zama kamar kaset ɗin da, wanda aka kwafa daga kwafi har sai shuuu ya fi waƙar yawa. Babu lasifikar da za ta dawo da abin da ya riga ya zube.

AMMA FA A YI HATTARA

Kada ka ɗauka duk abin da aka buga a mujallun nan yankan wuƙa ne. Yawancinsu da kuɗin talla suke rayuwa, har waɗanda suka fara da ƙin karɓar talla daga baya sun karɓa. Bahaushe kuwa ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ya sa za ka yi ta karatu da wuya ka ga an fito ƙarara an ce kaya kaza ba shi da kyau. Sai ka koyi karanta abin da aka faɗa da rabin baki.

Ga misalai uku da suka faru a zahiri. A 1985 wani injiniya mai suna Bob Carver ya ƙalubalanci Stereophile: su zaɓi duk amfilifayar da suka ga dama komai tsadarta, shi kuma zai gyara tasa mai arha ta yi sauti iri ɗaya da ita. Suka zaɓo wata mai tsada, mai kwalabe irin na rediyon da. Carver ya yi 'yan kwanaki yana kwance-kwance da ɗaure-ɗaure. Da aka zo saurare, manyan mujallar suka kasa bambance su. Abin da ya burge ni shi ne ba su ɓoye ba, sun buga labarin a mujallarsu.

A 2007 kuma James Randi, mutumin da ya yi suna wajen tona asirin 'yan damfara, ya sa dala miliyan 1 ga duk wanda zai iya bambance wata wayar lasifika ta dala 7,250 da waya ta gama-gari, da kunne kawai, ba tare da ya ga wadda aka jona ba. An yi ta cacar baki, ba a kai ga yin gwajin ba, kuma babu wanda ya karɓi kuɗin.

Na ukun ya fi ban dariya. Akwai kamfanin Mobile Fidelity na Amurka da ke buga faifan garmaho masu tsada, masu saye suna alfahari cewa sautin bai taɓa bi ta kwamfuta ba. A 2022 sai ta bayyana cewa an yi shekaru ana bi da yawancin faya-fayen ta na'urar dijital kafin a buga su. Mutanen da suke cika baki cewa ko cikin barci suna gane sautin dijital, ashe sun daɗe suna yaba shi ba su sani ba. Maganar har kotu ta je.

Saboda haka karanta, amma da wayonka. Ɗauki ilimin, bar musu wayar dala dubu bakwai.

INA RUWAN MAI KALLON FIM?

Wani zai ce, to Malam, mu da muka sayi mujalla don labarin fim, me ya kawo mu nan? Ɗan'uwa, gwada wannan: sa fim ɗin da ya fi sa ka kuka, ka kashe murya. Hawayen zai zo? Masu fim na duniya sun daɗe da gane haka. Star Wars na 1977 ya taimaka wajen yaɗa tsarin Dolby Stereo a gidajen silima. A 1983 kamfanin George Lucas ya fito da THX, ƙa'idojin da gidan silima zai cika don mai kallo ya ji fim yadda aka haɗa shi. Masoya finafinan Indiya kuma za su tuna cewa a 2009 Resul Pookutty ya ci kyautar Oska a kan haɗa sautin Slumdog Millionaire. Wannan 5.1 da kake gani a jikin kwali ma ga ma'anarsa: lasifika biyar da ta bes ɗaya, kuma ta tsakiyar ita ce mai ɗauke da yawancin maganar jarumai. Mutane da yawa suna jera duka shidan a kan tebur ɗaya, sannan su ce an cuce su.

Mu dawo gida. Finafinanmu sun yi nisa wajen hoto, ba a magana. Amma har yanzu kana kallon wani fim ɗin za ka ji iska tana bugun makirfo, ko janareta yana gurnani a bayan masoya, ko kiɗan fiyano ya haɗiye maganar da labarin ya dogara a kanta. Me ya sa ake ci gaba da haka? Saboda mu 'yan kallo ba ma ƙorafi, kuma ba ma ƙorafi ne saboda ba a koya mana ji ba. Ranar da masu kallo suka fara cewa fim kaza ya yi kyau amma sautinsa ya kwafsa, ranar furodusa zai ware kuɗin mai ɗaukar sauti kamar yadda yake ware na jarumi. Kuma wa ya sani, ƙila cikin masu karanta wannan fili akwai wanda zai zama gwanin haɗa sautin masana'antar gobe.

SHAWARATA GARE KA

Ƙanena na Zariya, kafin ka taɓa kuɗin nan, ga abin da za ka yi. Manyan mujallun nan suna da shafuka a intanet, kuma Stereophile ta zuba tsofaffin sharhinta masu ɗimbin yawa a nata, kyauta. Nemi bayanan da suka yi a kan kaya masu sauƙin kuɗi da kuma yadda ake jera lasifika. Turancin yana da ɗan nauyi a farko, amma a juri zuwa rafi.

Ranar sayayya, tafi da waƙoƙinka uku da ka sani kamar yunwar cikinka. Ni nakan tafi da Shata, don in ji ko kalangu zai fito da maganarsa ko kuwa zai koma dum-dum kawai. Nakan haɗa da Ɗan Maraya Jos, don kuntigi siririn sauti gare shi, na'urar banza takan mai da shi kamar ana kaɗa gwangwani. Na uku, wani yanki na fim inda mutum biyu suke hira ba kiɗa. Ka roƙi mai shago ya rage murya zuwa yadda za ka ji a ɗakinka da dare. Kowace rediyo jaruma ce in an ƙure ta. A ƙasa-ƙasa ake gane ta ƙwarai. Rufe ido ka saurara, kada fitilu su ɗauke maka hankali. Lasifika biyu nagari sun fi shida na tarkace. Ka kuma rage wani abu ka sayi sitabilaiza, kada wuta ta zo da hauka ta ƙone maka wata bakwai a dare ɗaya.

Sannan abu mafi muhimmanci, da ku nake, samari da 'yan mata masu kwana da iyafis a kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan 1 suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraren sauti da ƙarfi. Ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako, in ƙara ta haura haka lokacin yana raguwa sosai. In ka cire iyafis ka ji kunnenka yana ƙiii, to gargaɗi ne. Ƙwayoyin ji na cikin kunne in sun mutu ba sa sake tsirowa, kuma babu shagon da ake sayar da su. Lasifika in ta fashe a sayi wata. Kunne fa?

Baba injiniya ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa da rahama. Kwalin nan yana wurina har yau, kuma har yanzu ban mallaki ko ɗaya daga cikin kayan da ke bangon mujallun ba. Amma tun daga ranar wat dubu takwas, ba a sake sayar mani da fitila a matsayin sauti ba.

Ƙanena, in ka sayo ka jera, ka rubuto mana yadda ta kaya. Sauran masu karatu kuma ƙofa a buɗe take, a aiko da tambaya ko gyara.